Alƙalin Birtaniya ba ya soke doka, amma ana jin maganarsa

Ranar 16 ga Disamba, 2004, alƙalai tara na kotu mafi girma a Birtaniya suka yanke hukunci a kan wasu baƙi da gwamnati ta kulle, akasarinsu a kurkukun Belmarsh da ke kudu maso gabashin Landan. Ba a tuhume su da laifi ba, ba a gurfanar da su gaban alƙali ba, ba a kuma faɗa musu ranar fita ba. Wasunsu sun shekara uku a haka. Dokar da ta ba da damar tsare su majalisa ta yi ta ne cikin gaggawa a ƙarshen 2001, bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, ta ce duk baƙon da ministan cikin gida ya zarga da ta'addanci, kuma ba za a iya mayar da shi ƙasarsa ba don gudun a azabtar da shi, to a ajiye shi sai abin da hali ya yi.

Takwas daga cikin alƙalan suka ce dokar ta ci karo da haƙƙin ɗan Adam. Hujjar akasarinsu ba ta da wuyar ganewa. In dai tsoron ta'addanci ake yi, ai akwai 'yan ƙasa haifaffun Birtaniya da ake zargi da irin wannan laifi, kuma su ba a kulle su ba tare da shari'a ba. Me ya sa sai baƙi? Ga shi kuma dokar ta ce wanda aka tsare yana iya fita in ya yarda ya bar ƙasar, wato mutumin da aka ce yana da haɗari ƙwarai an yarda ya tafi wata ƙasa ya ci gaba da abin da ake zarginsa da shi. Ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, ya wuce nan, ya ce barazanar gaske ga rayuwar ƙasar ba daga ta'addanci take zuwa ba, daga irin waɗannan dokoki take zuwa.

Washegari mutanen nan suna kulle a inda suke. Dokar tana nan daram, ba wanda ya goge ko harafi ɗaya daga cikinta. Kotu ta ce an yi zalunci, amma ba ta da ikon buɗe ƙofar kurkukun. Sai a watan Maris na 2005, bayan majalisa ta yi wata sabuwar doka, aka sake su a ƙarƙashin sharuɗɗa masu tsanani: dokar hana fita daga gida, na'urar bibiya a ƙafa, taƙaita waya da intanet da baƙi.

Wanda ya tashi a ƙasar da ke da rubutaccen kundin tsarin mulki zai ji wannan labari ya ce, to mene ne amfanin kotun? Ni kuwa ina ganin tsarin nan yana cikin abubuwa mafi hikima da 'yan siyasar Birtaniya suka yi a zamaninmu, kuma masu neman rusa shi a yau da hujjar cewa alƙalai sun ƙwace mulki daga hannun zaɓaɓɓu, ba su yi wa gaskiya adalci ba.

Birtaniya ba ta da kundi guda da ke sama da kowace doka. Abin da ke sama shi ne majalisar dokoki da ke Westminster. Masanin shari'a A. V. Dicey ya bayyana wannan tun 1885: majalisa tana iya yin kowace doka, tana iya warware kowace doka, kuma babu mutum ko hukuma da ke da hurumin ture dokar da ta yi. Wannan aƙida ba daga littafi ta fito ba. An zubar da jini a kanta a ƙarni na 17, har aka fille kan Sarki Charles na ɗaya a 1649, kafin a daidaita a 1689 cewa sarki ba zai dakatar da doka ko ya ɗora haraji ba sai da yardar majalisa. Shi ya sa Bature yake ɗaukar fifikon majalisa a matsayin 'yancinsa, ba barazana ga 'yancinsa ba.

A gefe guda kuma, Birtaniya ce ƙasa ta farko da ta amince da Yarjejeniyar Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka sanya wa hannu a Roma a 1950. Cikin waɗanda suka tsara ta har da David Maxwell Fyfe, ɗan jam'iyyar Conservative, wanda ya yi aikin gabatar da ƙara a shari'ar shugabannin Nazi a Nuremberg. Daga 1966 aka bai wa ɗaiɗaikun mutane damar kai ƙarar gwamnatin Birtaniya kotun Strasbourg da ke Faransa. (Wannan kotu ba ta Tarayyar Turai ba ce, don haka ficewar Birtaniya daga tarayyar a 2020 ba ta taɓa ta ba. Mutane da yawa suna haɗa su.) Matsalar ita ce alƙalin cikin gida ba ya iya amfani da yarjejeniyar kai tsaye. Sai mutum ya gama hawa kotunan ƙasarsa duka ya faɗi, sannan ya ɗauki jakarsa ya nufi Faransa. Gwamnatin Tony Blair ta ƙiyasta a 1997 cewa wannan tafiya takan ci shekara biyar da fam 30,000. Talaka ina zai samu?

Dokar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1998, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Oktoba, 2000, ita ce ta maido da waɗannan haƙƙoƙi gida. Dabarar da aka yi a cikinta ita ce raba aiki. Sashe na 6 ya haramta wa duk wata hukumar gwamnati, ko 'yan sanda ko asibiti ko ƙaramar hukuma ko gidan yari, ta take haƙƙin mutum, kuma nan kotu tana da cikakken iko: tana soke matakin hukuma, tana sa a biya diyya. Sashe na 3 ya umarci alƙalai su fassara kowace doka ta yadda za ta dace da haƙƙoƙin, gwargwadon yadda hakan zai yiwu. In ya gagara, sai sashe na 4: manyan kotuna su fito su bayyana cewa doka kaza ta ci karo da haƙƙi kaza. Iyakar abin ke nan. Wannan sanarwa ba ta kashe dokar, ba ta ma canza sakamakon shari'ar wanda ya kawo ƙarar. Gyara ya rage wa majalisa, in ta ga dama. Akwai kuma sashe na 19, wanda ya tilasta wa duk ministan da ya kawo ƙuduri ya rubuta a fuskarsa cewa ya dace da haƙƙoƙin, ko kuma ya furta cewa ba zai iya ba da wannan tabbaci ba amma duk da haka yana so a ci gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne na ƙarshen nan. Dokar ba ta hana majalisa take haƙƙi ba. Ta hana ta yin hakan a ɓoye. In za ku yi, ku yi da rana tsaka, da sunayenku a rubuce, masu zaɓenku suna kallo.

Kuma ana ji. A cikin fiye da shekara ashirin, sanarwar da kotuna suka yi a ƙarƙashin sashe na 4 ba ta wuce 'yan gomomi ba, kuma kusan dukkan waɗanda suka tabbata bayan ɗaukaka ƙara, gwamnati da majalisa sun gyara dokar da aka yi magana a kai. Ba wanda ya tilasta musu. Babu ɗan sandan da zai kama firaminista don ya yi biris da sanarwar. Abin da ke aiki shi ne nauyin maganar alƙali a idon jama'a, da 'yan jarida da ba sa barin magana ta kwanta, da 'yan majalisar da ke iya juya wa jam'iyyarsu baya, da kuma sanin cewa in an ƙi gyarawa a gida, Strasbourg tana jira.

Masu cewa alƙalai sun fi ƙarfin majalisa, su dubi rikicin ƙuri'ar fursunoni. A 2005 kotun Strasbourg ta yanke hukunci a ƙarar wani fursuna mai suna John Hirst cewa hana duk wanda aka ɗaure yin zaɓe, ba tare da duba girman laifinsa ko tsawon ɗaurinsa ba, ya saɓa wa yarjejeniyar. A 2007 wata kotu a Scotland ta yi sanarwar sashe na 4 a kan wannan doka. Majalisa ta ce ba ta yarda ba. Firaministan lokacin, David Cameron, ya ce tunanin bai wa fursunoni ƙuri'a yana tayar masa da zuciya, kuma a watan Fabrairun 2011 'yan majalisar wakilai 234 suka goyi bayan barin haramcin, 22 kacal suka ƙi. Aka yi ta jan ƙafa fiye da shekara goma. A ƙarshe gwamnati ta yi ɗan gyara a ƙa'idojin gidan yari, wanda ya shafi 'yan tsirarun da ake bari su fita na ɗan lokaci, aka rufe maganar a 2018 ba tare da an taɓa dokar ba. A ganina majalisa ba ta kyauta ba a nan, don ban ga abin da hana mai ɗaurin wata uku yin zaɓe yake ƙara wa kowa ba. Amma dai ta nuna wa ke da maganar ƙarshe.

Ba zan ce masu sukar dokar ba su da abin kamawa ba. Inda hujjarsu ta fi ƙarfi shi ne sashe na 3. A 1999 majalisa ta yi doka da ta taƙaita yi wa matar da ta kawo ƙarar fyaɗe tambayoyi a kan rayuwarta ta baya, saboda lauyoyi sun mayar da wannan hanyar tozarta mata a gaban kotu. A 2001 manyan alƙalai suka ce dole a karanta dokar ta yadda alƙali zai iya ƙyale irin waɗannan tambayoyi in rashinsu zai hana wanda ake tuhuma samun shari'a ta adalci. Wato sun cusa wa dokar abin da majalisa ba ta rubuta ba, wanda ma ta yi niyyar toshewa. Ina ganin da sun yi sanarwar sashe na 4 kawai, su bar majalisa ta auna tsakanin mutuncin mace da haƙƙin wanda ake zargi, da ya fi dacewa da ruhin tsarin. Fassarar da ta zama sake rubuta doka ta fi sanarwa haɗari, don ita tana canza doka nan take, kuma ba a yi mata ƙuri'a ba. Amma ko a nan, majalisa tana da ikon sake rubuta dokar da kalmomin da ba za su lanƙwasu ba. Maganin alƙalin da ya zarce iyaka yana hannunta kullum.

Sannan akwai waɗanda ba a cika ambatonsu ba in ana wannan muhawara, don jaridun Landan sun fi son labarin ɗan ta'adda ko mai laifin da aka kasa kora. Duk mai bin ƙwallon Ingila ya san Hillsborough, inda turmutsitsi a filin wasa na Sheffield ranar 15 ga Afrilu, 1989 ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Binciken kotu na farko a kan musabbabin mutuwarsu ya ce haɗari ne kawai, aka kuma yi ta yaɗa cewa magoya bayan ne suka bugu suka jawo wa kansu. Iyalansu suka shafe fiye da shekara ashirin suna neman a wanke 'ya'yansu. Lokacin da aka sake buɗe binciken, haƙƙin rayuwa da ke cikin dokar 1998 ya wajabta a duba ba yadda suka mutu kawai ba, har da rawar da hukumomi suka taka. A watan Afrilun 2016 masu taya alƙali hukunci suka ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya bayan ba su da laifi. Haka nan a 2018 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa wasu mata biyu diyya a kan 'yan sandan Landan, saboda sakacin da aka yi wajen binciken wani direban tasi da ya yi ta yi wa fasinjojinsa fyaɗe. Waɗannan su ne masu cin moriyar dokar na yau da kullum, kuma ba ɗayansu da ya buƙaci a soke wata dokar majalisa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne batun Ruwanda. A watan Afrilun 2022 gwamnatin Boris Johnson ta ƙulla yarjejeniya da Kigali cewa masu neman mafaka da suka ƙetaro teku cikin ƙananan kwale-kwale za a kwashe su zuwa can, kuma ko an amince da buƙatarsu, can za su zauna. Jirgin farko na shirin tashi ranar 14 ga Yuni, 2022 sai kotun Strasbourg ta ba da umarnin wucin gadi, aka fasa. Ranar 15 ga Nuwamba, 2023 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan cewa shirin ya saɓa wa doka, don akwai hujja mai ƙarfi cewa Ruwanda tana iya mayar da mutane ƙasashen da suka gudo. Sun dogara da shaidar hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun duba yadda makamancin wannan shiri tsakanin Isra'ila da Ruwanda ya ƙare, sun kuma ambaci yadda 'yan sandan Ruwanda suka harbe 'yan gudun hijira da ke zanga-zanga kan rage musu abinci a 2018. Sun fito fili sun ce ba yarjejeniyar Turai kaɗai ta hana wannan ba, har da yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da dokokin Birtaniya na cikin gida.

Sai gwamnatin Rishi Sunak ta sa hannu a sabuwar yarjejeniya da Ruwanda, ta kuma kawo ƙudurin da ya zama doka a watan Afrilun 2024, wanda ya umarci kowane jami'i da kowane alƙali ya ɗauki Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci, ba musu. Ya kuma jingine wasu muhimman sassan dokar 1998 a kan wannan batu, ciki har da sashe na 3 da na 6. Ministan cikin gida James Cleverly ya rubuta a fuskar ƙudurin cewa ba zai iya tabbatar da ya dace da haƙƙin ɗan Adam ba.

Majalisa tana da ikon yin haka, ban musa ba. Amma akwai bambanci tsakanin majalisa ta ce "mun ji, amma mun zaɓi wata hanya", kamar yadda ta yi a kan fursunoni, da ta ce "abin da kotu ta gano da shaida ba haka yake ba, kuma kada a sake dubawa". Na farko saɓani ne a kan abin da ya dace, kuma wannan filin 'yan siyasa ne. Na biyu hana alƙali aikinsa ne na sauraron shaida. Ko Ruwanda za ta mayar da ɗan Sudan ko ɗan Eritiriya hannun waɗanda ya gudo, ba abu ne da ake tabbatarwa da yawan hannayen da aka ɗaga a Westminster ba. Sannan cire wani rukunin mutane daga kariyar dokar, don kawai ba su da ƙuri'a kuma ba a son su, shi ne ainihin abin da alƙalan Belmarsh suka ƙi. Zaɓe ne ya kashe shirin: Keir Starmer ya binne shi da hawansa mulki a Yulin 2024, ministarsa ta cikin gida kuma ta shaida wa majalisa cewa an kashe fam miliyan 700, mutum huɗu ne suka tafi, su ma da son ransu. Mai goyon bayan fifikon majalisa zai ce ka gani, tsarin ya gyara kansa. Amma da zaɓen ya zo da wani sakamako, da jiragen sun tashi.

Mu a Nijeriya muna da alaƙa da wannan labari fiye da yadda muka sani. Hukumar Willink, wadda Turawa suka kafa don duba fargabar ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a 1958 a sa babin haƙƙin ɗan Adam a tsarin mulki, kuma daga yarjejeniyar Turai aka kwaso shi. Wato Birtaniya ta rubuta mana a kundi abin da ita ba ta sa a dokarta ba sai bayan shekara arba'in. A takarda, alƙalinmu ya fi nasu ƙarfi nesa ba kusa ba: sashe na 1 na kundin 1999 ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ba ta da tasiri. Amma a Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin sakin Sheikh Ibrahim Zakzaky cikin kwana 45, bai fito ba sai 2021. Sambo Dasuki kotuna sun yi ta ba da belinsa, har kotun ECOWAS ta ce a sake shi a 2016, ya zauna har Disambar 2019. Ko me mutum yake ji game da waɗannan mutane biyu, umarnin kotu ne aka ƙi bi. Kotun Landan ba ta da ikon umartar a saki fursunonin Belmarsh, amma cikin wata uku an canza doka. Tamu tana da ikon, ta kuma yi amfani da shi, aka yi kamar ba ta yi magana ba. Abin da ke riƙe da tsarin Birtaniya ɗabi'a ce ta jin nauyin hukuncin kotu, kuma ɗabi'a tana zaizayewa in shugabanni suka saba da karya ta.

Shi ya sa nake kallon abin da ke faruwa yanzu da damuwa. Ƙudurin da ministan shari'a na lokacin, Dominic Raab, ya kawo a 2022 don maye gurbin dokar 1998 ya mutu a 2023, amma maganar ba ta mutu ba. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage tana alƙawarin soke dokar da ficewa daga yarjejeniyar, kuma a Oktoban 2025 shugabar Conservative Kemi Badenoch ta ce jam'iyyarta ma za ta fice in ta ci zaɓe. A nahiyar Turai, Rasha da Belarus ne fitattun da ke wajen yarjejeniyar. Ga kuma Ireland ta Arewa, inda yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta ƙunshi alƙawarin sanya waɗannan haƙƙoƙi cikin dokar yankin. Ba a cire wannan tubali ba tare da taɓa ginin da ya kawo ƙarshen zubar da jini na shekara talatin ba.

In da gaske ana son ƙarfafa majalisa ne, hanyar tana nan, kuma New Zealand ta bi ta. Ita ma ƙasa ce mai fifikon majalisa, ita ma rikicin ƙuri'ar fursunoni ne ya kai kotunanta ga yin irin wannan sanarwa. A 2022 ta yi doka cewa duk lokacin da kotu ta bayyana wata doka ta ci karo da haƙƙi, babban lauyan gwamnati ya sanar da majalisa cikin kwana shida na zamanta, gwamnati kuma ta kawo amsa a rubuce cikin wata shida. Majalisa tana iya cewa a'a bayan haka, ba wanda ya ƙwace mata wannan. Birtaniya ba ta da irin wannan wa'adi a doka, shi ya sa sanarwar da kotun Scotland ta yi a 2007 ta zauna shekaru ba amsa. Gyaran da dokar 1998 take buƙata ke nan, tare da daina ɗabi'ar da aka fara da dokar shige da fice ta 2023 da ta Ruwanda, ta rubuta wa sabuwar doka cewa wannan sashe ko wancan ba zai yi aiki a kan waɗannan mutane ba.